Ƙauyen da Aka Haifi Baba

Ranar da aka share makokin gwaggona, yayar Baba, masu ta'aziyya sun watse, ina tattara kofunan gahawa, sai Baba ya ce da ni, "Ya binti, motarki tana iya hawa dutse?"

Na ɗauka Ɗa'if yake son zuwa ya sha iska. Na ce ai kowace mota tana zuwa Ɗa'if.

"Ba Ɗa'if ba," ya ce. "Gaba da can. Inda aka haife ni."

Na ajiye farantin. A unguwar Tandabawi ta Makka na tashi, na haura shekara talatin, kuma duk tsammanina a layinmu aka yanke masa cibiya. Nan ya ba ni labarin a taƙaice, yana kallon tabarma. Iyayensa daga ƙasar Kano suka zo. Bayan sun sauke farali, kakana ya sami aikin jera dutse a gonakin wani ƙauye can saman duwatsun kudu. A can aka haifi Baba, a can kuma mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Kakana ya kwaso 'ya'yan biyu ya sauko Makka, bai sake komawa ba.

"Gwaggonki ce take tuna fuskarta," Baba ya ce. "Yanzu ni kaɗai na san tana kwance a can."

Yayyena maza suka ce in sha Allahu bayan aikin hajji, daga baya suka ce sai an yi hutun makaranta. Mama kuwa kai tsaye ta faɗa: mutumin da matakalar gida ke sa shi haki, ga ciwon suga, ga allura safe da yamma, ga ido ya fara dushewa, ina shi ina hawan dutse? Ni ce na ce zan kai shi. Ina aiki a kantin magani a Aziziyya, don haka na ɗauka na san abin da nake yi. Na haɗa dabino, da lemon kwali, da burodi da cuku, da alewa, da na'urar awon suga da allurarsa. Duk na zuba su a jaka ɗaya. Wannan kuskure nawa ne, ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba.

Bayan sallar asuba muka ɗau hanya. Muka hau dutsen Hada, muka wuce Ɗa'if, muka miƙa kudu, titi yana ta lanƙwasa har kunnuwana suka toshe. Wajen hantsi kwalta ta ƙare a wani ƙauye mai masallaci ɗaya da kanti ɗaya. Baba ya faɗa wa mai kantin sunan ƙauyen da muke nema. Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya dubi takalmanmu.

"Babu mota daga nan," ya ce. "Ƙafa ce. Mai ƙarfi awa uku. In za ku je, ku juyo kafin la'asar, saboda dabab."

Dabab shi ne gajimaren da ke saukowa ya zauna a kan dutsen. Na san shi a hanyar Hada, amma daga cikin mota na san shi.

Baba ya ce, "Na san hanya." Na bi bayansa, ko da yake na san rabonsa da ita ya fi shekara sittin.

Hanyar matakala ce ta duwatsu da mutanen da suka jera, wani wurin ta cinye, wani wurin ciyawa ta rufe ta. Da farko daɗi muka ji. Iska mai sanyi, ƙamshin itatuwan ar'ar, babu ƙarar mota ko ɗaya. Baba yana gaba da sandarsa yana nuna mini katangun gonaki hawa-hawa, yana cewa irin wannan jerin babansa ke yi, ba siminti, ba laka. Bayan kamar rabin awa sai ya daina magana. Ni ma na ji ƙirjina ya yi nauyi. Sai in ja numfashi in ji kamar bai kai inda ya saba kaiwa ba. Taku ashirin, mu tsaya. Taku goma sha biyar, mu tsaya.

Muka ratsa wani ƙauye da babu kowa a ciki. Gidajen dutse, ƙofofin katako a kulle da kwaɗo mai tsatsa, bishiyar rumman ta tsiro a tsakar wani ɗaki da rufinsa ya rufta. Na tambayi Baba ko nan ne. Ya daɗe yana dubawa, ya ce a'a, nasu yana da rijiya a bakin masallaci.

Azahar ta same mu a wani fili mai faɗin tabarma huɗu, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Na ce mu yi salla mu ci abinci, don tun safe da ya yi allura, shayi da rabin burodi kawai ya sa a cikinsa. Na sauke jakar a kan wani dutse, na ɗauko gorar ruwa, na matsa gefe ina zuba masa yana alwala.

Ban ji zuwansu ba. Ƙarar tsakuwa ce ta sa na waiga, sai ga birai, irin manyan nan masu jan gindi, sun fi goma, sun zagaye jakar. Babban cikinsu, mai gashin wuya kamar an yafa masa bargo, ya riga ya damƙi igiyarta. Na yi ihu, na ɗau dutse. Ya buɗe baki ya nuna mini haƙora, ya yi wani gurnani da na ji har cikin hanjina, sannan ya yo taku biyu wajena.

"Ajiye dutsen," Baba ya ce a hankali. "Kar ki kalle shi a ido. Dawo bayana."

Na koma bayansa. Muna tsaye muna gani suka ja jakar suka gangara kwazazzabon da ita, suna faɗa a kanta. Na hango kwalin lemo ɗaya yana birgima har ya ɓace.

Abin da ya rage mana: rabin gorar ruwa, makullin mota, da jawwal ɗina, wato wayata, da babu ko ɗigon shabakar sadarwa a kansa.

Na ce, "Baba, mu koma."

"Mun yi awa nawa?"

"Biyu da rabi."

"To gaba ta fi kusa."

"Ba ka sani ba! Ba ka san ko akwai mutane a can ba. Ka ga wancan ƙauyen."

"Na zo har nan, in juya?" Ya ɗau sandarsa. "In kin gaji ki jira ni."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na faɗa masa da Hausa, na maimaita da Larabci, cewa sugansa zai faɗi, kuma ba ni da ko ƙwayar dabino. Ya saurare ni har na gama, ya ta da kabbara ya yi sallarsa, na yi tawa, sannan ya kama hanyar sama. Na bi shi. Na lissafa a raina cewa ko mun juya, awa biyu da rabi ba abinci ba za ta bar shi ba. Gaba aƙalla akwai wataƙila.

Ba mu yi minti arba'in ba gajimaren ya iso. Daga ƙasa ya taso, daga cikin kwazazzabon, fari fat, ya haɗiye bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Kafin in ce wani abu na daina ganin komai sai bayan Baba da duwatsu uku na gabansa. Sanyi ya shiga abayata, gashin idona ya jiƙe. Hanyar kuma a daidai nan ta tsuke, faɗinta bai fi kamu biyu ba, kuma na san ramin yana hagunmu ko da ba na ganinsa. Na riƙe bayan rigarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina shafa jikin dutse.

Ta rigar na fara ji. Ta jiƙe sharkaf da gumi a cikin wannan sanyin. Sai sandarsa ta fara karkarwa.

"Baba, yaya kake ji?"

"Lafiya lau." Muryarsa ta yi kauri, kamar harshensa ya kumbura.

Taku kaɗan ya tsaya, ya juyo, ya dube ni da wasu idanu da ban san su ba. "Inna," ya ce, "akuyar ta tsinke."

Ba ni yake gani ba. Na sha faɗa wa masu sayen magani alamomin nan ɗaya bayan ɗaya, amma ban taɓa tunanin zan gan su a fuskar mahaifina a bakin rami ba. Ya yunƙura zai nufi hagu, wajen akuyar da yake gani. Na rungume shi ta baya da duk ƙarfina, muka faɗi tare a jikin dutsen, sandar ta suɓuce. Ban ji ƙarar saukarta ba sai bayan wani lokaci.

Gaba kaɗan akwai wata bishiyar ar'ar da ta fito daga tsagar dutse, gindinta ya kai kaurin cinya. Na ja shi har wurin, rabi tafiya rabi jan gindi, na zaunar da shi. Na ba shi ruwa ya kurɓa. Ina durƙushe ina tunanin abin yi sai na ji carar zakara. Daga sama ta zo, can dama. Na riƙe numfashi. Ya sake yi.

Ba zan iya ɗaukarsa ba. In na zauna tare da shi, ina kallo zai suma. In na tafi na bar shi, zai tashi neman akuya. Na cire shimaginsa, wato ƙyallen da yake yafawa a ka, na cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafina, na ƙulla su wuri ɗaya. Na zagaya ƙugunsa, na zagaya gindin bishiyar, na yi ƙulli uku a bayan itacen inda hannunsa ba zai kai ba.

"Me na yi?" ya tambaye ni da muryar yaro. "Inna, me na yi?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba. Zauna, yanzu zan dawo." Na sumbaci goshinsa na tashi. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan tafi ba.

Da hannu da ƙafa na hau. Ina ƙirga matakalar don in gane wurin in na dawo, amma wajen ɗari da wani abu na yi tuntuɓe, gwiwata ta fashe, lissafin ya tafi.  Sau biyu hanyar ta rabu, sau biyu na tsaya ina jiran zakaran, ina roƙon Allah ya sa ya yi cara. A karo na biyu bai yi ba, kare ne ya yi haushi. Na bi haushin.

Katanga na fara cin karo da ita, sannan na ga wasu gumaguman itace a jere da ƙudan zuma ke shiga da fita. Karen ya fito daga cikin farin ya tsaya a gabana. A bayansa wani tsoho ne siriri, gemunsa ja da lalle, da bindiga a hannu, bakinta yana kallon cikina.

"Tsaya nan!" ya daka mini tsawa. "Ku nawa ne? Ina sauran?"

Larabcinsa na mutanen dutse ne, mai nauyi, da ƙyar na kama. Daga baya na ji cewa baƙi masu ratsa duwatsun a ɓoye sun taɓa fasa masa amya. Shi dai ya ga baƙar mace ta fito daga gajimare, abaya a yage, gwiwa tana jini.

Na ɗaga hannuwa. "Ya ammi, daga Makka nake. Babana yana ƙasa, mai ciwon suga ne, zai mutu. Zuma nake so. Cokali ɗaya."

"Wa ya aiko ki? Ina takardarki?"

Katin shaidata yana cikin jakar da birai suka tafi da ita. Na buɗe baki in yi bayani sai kuka ya ƙwace mini, na kasa haɗa kalma biyu. Bindigar ba ta sauka ba.

Wata murya ta fito daga bayan katangar. "Kai, ba ka da ido ne? Ɓarawo yana zuwa da kuka?" Wata tsohuwa ce gajera, da hular kaba a kan mayafinta. Ta ture bakin bindigar da bayan hannu kamar tana korar kaza, ta kama fuskata. "A ina kika bar shi, ya binti?"

"A jikin wata bishiya. Inda hanya ta tsuke. Na ɗaure shi."

"Kin ɗaure shi?" tsohon ya ce.

"Zai faɗa ramin."

 Sai ya jingine bindigar a katanga, ya shiga wani ɗaki, ya fito da kwalbar zuma ya cusa a aljihu, ya kwance jakinsa. Bai sake tambayata komai ba. "Ar'ar ɗaya ce a matsatsin nan," ya ce. "Riƙe wutsiyar jakin, kar ki saki."

Haka muka gangara. Tsohon da ya girmi Baba yana taka duwatsun nan kamar tsakar gidansa, ni ina bayan jaki ina zamewa. Ina ta kiran Baba, babu amsa. Da bishiyar ta bayyana, gindinta na fara gani, babu kowa a inda na zaunar da shi. 

Yana nan. Ya zame ne ya kwanta ta ɗaya gefen, ƙyallen ya miƙe tsam ya haura har ƙarƙashin hammatarsa, ƙafarsa ɗaya tana reto a fili. Takalmin ƙafar babu. Tsohon ya kama kafaɗarsa, na kama ɗaya, muka jawo shi. Idanunsa a rufe, amma yana numfashi, kuma da na kira shi ya yi wani gunaguni. Na tsoma yatsa a zumar na shafa masa a cikin kumatu da dasashi, kaɗan kaɗan don kar ya shaƙe. Na sake. Na sake. Tsohon yana tsugune yana karanta abin da ya sawwaƙa. Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiya, sannan ya lashi leɓe.

Da ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi tsohon, ya dubi ƙyallen da ke ƙirjinsa.

"Wa ya ɗaure ni?"

"Ni ce, Baba."

Ya taɓa ƙyallen. Sannan ya ce, "Kwance ni. Akwai baƙo."

A kan jakin aka kai shi sama. Mutum biyar ne kacal suka rage a ƙauyen, duk tsofaffi. Tsohuwar ta ba mu gurasa mai kauri da man shanu da zuma, ta wanke mini gwiwa da ruwan ɗumi tana yi mini faɗa kamar 'yarta. Mijinta ya kawo wa Baba takalmansa na zuwa masallaci, ya kuma ba ni haƙuri a kan bindigar, yana kallon gefe. A nan muka kwana.

Ba ƙauyen Baba ba ne. Da ya faɗi sunan, tsohon ya girgiza kai. Ya ce na su Baba yana ƙetaren kwazazzabon, mutanensa sun watse tun yana saurayi, kuma ruwa ya cinye hanyar shekarun baya, ko awaki ba sa bi. Ya ce ya taɓa jin an yi wani baƙin mutum mai jera dutse a can, amma bai san shi ba, bai kuma san matarsa ba.

Da safe gari ya washe tas. Tsohon ya kai mu bayan gonarsa, ya nuna da sanda. Can ƙetare, a kan wani ƙoƙon dutse, ga gidaje kamar goma sun zube rabi. Baba ya ƙanƙance ido, ya sa hannu a goshi.

"Ba na gani," ya ce. "Faɗa mini."

Na faɗa masa. Akwai wani gini mai kusurwa huɗu da ya fi sauran tsayi. Akwai gonaki hawa bakwai a ƙarƙashinsa, katangunsu ba su faɗi ba. Akwai wani fili a gefe da ƙananan duwatsu a tsaye.

"Rijiya fa? A bakin masallaci?"

Na duba iya ganina. "Ban tabbata ba, Baba. Akwai wani abu mai duhu, amma yana iya zama inuwa."

Ya gyaɗa kai. Ya fuskanci wajen, ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a. Ni da tsohon muka ja baya muka ba shi wuri.

Tsohon ya rako mu da jakin har inda kwalta ta fara. Ya ƙi shiga kanti ya sha ko shayi, ya ce ƙudan zumansa suna jira. Na sayi lemo da biskit da canjin da ke cikin mota, na cika aljihun Baba da nawa, na zaunar da shi a mota. Shabaka ta dawo, jawwal ya hau ruri, kiran Mama da na yayyena sun fi a ƙirga. Na kira Mama na ce muna lafiya, muna hanya, sauran bayani sai mun zo.

Na sa makulli, sai na ga ƙafata ta dama tana rawa a kan birki, ta ƙi tsayawa. Na danna ta da hannu, ta ci gaba. Muka zauna a haka, injin yana aiki, mai kantin yana leƙenmu ta taga.

Baba ya buɗe biskit ɗin, ya karya, ya miƙo mini rabi.

"Ci," ya ce. "Ba sauri muke ba."

Na ci. Sai da muka cinye ledar gaba ɗaya ƙafar ta lafa, sannan na juya motar.